Ƙwas a Kwanar Hagu

Ranar da motar Shitu ta fara ƙara, Luba ce zaune a gidan gaba. Laifinta ke nan, kuma har aka gama shari'ar ba a samo mata na biyu ba.

A kakar gyaɗa ta 1955 Shitu, mijinta, ya sayo wata tsohuwar babbar mota mai bodin katako don ya riƙa kai gyaɗa Kano daga Ɗansoshiya. Ita ce motar farko da ta taɓa kwana a garin. Yara suna shafa ta, tsofaffi suna zagaya ta suna tubarkalla, awaki kuma suka samu sabuwar inuwa. Duk wanda ya tsaya kallo sai Shitu ya gaya masa lafiyar motar nan ƙalau, domin shi da idonsa ya zaɓe ta, shi kuwa ba a taɓa cutarsa a ciniki ba.

Wata Asabar Luba ta roƙi a rage mata hanya zuwa sunan ɗan yayarta. Habu direba ya kaɗe mata kujera, ta hau tana sunkuyar da kai, ƙwaryar ƙuli-ƙuli a cinya, Shitu ya zauna a gefenta. Suna barin ƙofar gida Habu ya karya sitiyari hagu zai hau hanya, sai aka ji daga ƙarƙashinsu: ƙwas! Kamar an ɗora ƙwallon goruba a kan dutse an buga.

Habu ya taka birki, ya sauka, ya buɗe murfin inji. Ya daɗe yana kallon injin, injin yana kallonsa. Ƙarƙashin motar kam bai leƙa ba. Habu mutum ne mai farar riga da agogon hannu, kuma ya sha faɗa cewa shi direba ne, ba ƙadangare ba.

“Inji lafiya lau,” in ji shi. Suka ci gaba. A kwanar tsamiya ta sake yi.

Da la'asar labari ya iso wurin Inna Tasalla, mahaifiyar Shitu, tana kaɗi a inuwar rumbu. Ba ta kiran sunan ɗanta, tun da ɗan fari ne. Da can “wannan yaron” take cewa, tun zuwan motar kuwa ya zama “Mai Mota”.

“Mai Mota, su wa ke ciki da ta yi wannan ƙarar?”

“Ni, da Habu, da ita.”

“Kai kullum kana ciki. Habu kullum yana ciki.” Ta murza mazari, ta bar masa sauran. Can sai ta ɗaga murya: “Ke 'yar nan, ɗauko mini alli a ɗaki.”

Luba ta ratsa tsakar gida, ta dawo ta durƙusa ta miƙa. Inna ta karɓa ta ajiye kusa da allin da ke gabanta. Dama ba alli take so ba, tafiya take kallo.

“Na daɗe ina zargi,” in ji ta. “Dubi yadda dunduniyar ke riga yatsu sauka. Farar ƙafa ce. Irin wannan in ta taka dukiya, dukiyar sai ta kama gabanta.”

“Inna, ai kowa dunduniyarsa ke fara sauka,” in ji Shitu.

“Kowa ne ya hau motarka ta yi ƙara?”

“Shekararta biyar a gidan nan, a cikinsu na sayi motar.”

“Gwanda ma ba ranar da aka shuka ta take nuna ba.”

Shitu ya yi dariya. Luba ma ta yi murmushi a bayan gyalenta, ta ɗauka wasan tsofaffi ne.

Washegari aka kafa doka. Kada Luba ta gitta ta gaban motar. Kada ta gaida mijinta da safe in zai yi tafiya, ta zauna a ɗaki har sai ta ji tashin inji ya yi nisa. Ta bi doka. Motar ba ta bi ba. Kullum in ta bar ƙofar gida sai ta ce ƙwas, duk unguwar ta ji.

Bayan mako guda ƙarar ta zama biyu. Ƙwas-ƙwas.

“Kun ji ko? Ƙafar ta yi fushi,” in ji Inna.

Aka ƙara doka. Furar tafiya Inna za ta dama, ba Luba ba. Sannan tun da a bakin zaure motar ke kwana, ƙafar Luba ba za ta sake bin zaure ba. Inna ta sa aka ɓarka danga ta baya, wajen juji, aka yi mata 'yar kafa wadda sai ta sunkuya take wucewa. Rijiyar da ke daf da ƙofar gida ta zama tafiya: sai ta zaga ta bayan gidaje huɗu, ta bi ta gonar rogo, tulu a ka, kara yana yagar mata zane.

A bakin rijiya mata suka fara da wasa.

“Luba, don Allah matsa, kada gugana ya tsinke.”

“Ke dai taka mini bakin ƙofar mai bina da tsegumi, ki ga in ban yi miki kitso kyauta ba.”

Luba ta yi dariya tare da su, don ba ta san me za ta yi da fuskarta ba. Amma wasan bai tsaya a rijiya ba. Ita mai yin mai da ƙuli-ƙuli ce, unguwar duk wurinta ake saye. Sannu a hankali masu sallama suka ragu. Babu wadda ta ce ta yarda da farar ƙafa. Kowace dai cewa take ba ta yarda ba, amma me zai sa mutum ya gwada da tukunyarsa? Ƙuli ya jibge a ƙwarya har ya fara warin daɗewa. Luba ta daka shi ta zuba wa kaji.

Limamin unguwa da ya ji, ya ce camfi ne, babu shi a littafi. Ya faɗa sau ɗaya, a hankali. Ran nan Shitu ya ɗauke shi a gidan gaba zuwa Bebeji, da suka dawo ya ƙara da cewa amma fa biyayya ga uwa wajibi ce, wannan kuwa ya faɗe shi da ƙarfi.

Zaman ɗaki da safe ya koya wa Luba sauraro. Ɗakinta yana jikin dangar da ke kallon hanya, ba ta da abin yi sai kasa kunne. Ta lura in motar za ta fita, ta karya hagu, sai ta yi ƙara. In ta dawo, ta karya dama ta shigo filin ƙofar gida, shiru kake ji. Ta lura in an loda buhuna har sama ƙarar tana fin ƙarfi, in babu kaya sai ta yi ta kamar mai jin kunya. Ramin da ke bakin hanya kuwa motar tana faɗa masa kullum ba ta cewa komai.

Akwai wani abin da ta lura da shi, wannan a wurin wanki. Zanen Inna na Juma'a ya zo mata da baƙin mai a gadon baya da wajen gwiwa, irin man da sabulun salo ba ya fitarwa. Ta tuna ta taɓa wanke irinsa a jajiberin ranar sunan nan. Inna ba ta girki da baƙin mai. Juma'a kuwa ita ce ranar da maza ke watsewa zuwa masallaci, motar ta zauna ita kaɗai da awaki. Luba ta cuɗa zanen, ta shanya. Da wane baki suruka za ta ce uwar mijinta tana rarrafe a ƙarƙashin mota?

Rabin maganar dai ta gwada faɗa. Ta kawo wa Shitu tuwo bayan magariba, ta durƙusa nesa kaɗan.

“Maigida, na ce ba.”

“Ina ji.”

“Motar nan hagu kawai take ƙara. Dama ba ta yi.”

“To?”

“Ƙafata ta san hagu da dama ne?”

Dariya ta kuɓuce masa har ya kusa shaƙewa. Sai ya dubi ɗakin Inna, ya haɗiye sauran.

“Da an kai ta wurin makaniki ya leƙa ƙarƙashinta,” in ji Luba.

“In kai ta gareji, gari ya ce an sayar wa Shitu ruɓaɓɓiyar mota? Ni da na zaɓe ta da idona? Habu ya duba inji sau nawa. Ba ciwon ƙarfe ba ne.” Ya gutsuri tuwo. “Ni fa ban ce na yarda ba, Luba. Amma uwa ce. Me zan ce mata? Ki yi haƙuri, ai ba dukanki ake yi ba. Kafar dangar ma na ce a ƙara mata faɗi.”

Aka ƙara mata faɗi. Wannan alkawarin ya cika shi.

A mako na huɗu Inna ta ɗauke Asabe, 'yar Luba mai shekara uku, ta mai da ita ɗakinta. Ta ce tafiya koyo ce, yarinya kuwa bayan uwarta take bi tana taka inda ta taka. Asabe ta yi kuka kwana biyu. Luba tana jiyo ta daga madafa, tana tuƙa tuwo, hayaƙi yana ba ta dalilin goge ido.

Juma'ar da ta biyo baya zanen Inna ya sake zuwa da baƙin mai, wannan karon har da ɗankwali. Ran Asabar motar ta ce ƙwas-ƙwas-ƙwas, Habu ya ce sitiyarin ya yi masa nauyi a hannu kamar ana ja da shi. Ya sauko ya tsaya a zaure, ya ce shi yana da iyali, ko a san abin yi ko a nemi wani direba.

Inna ta san abin yi.

“Ta je gidan ubanta ta huta, sai an neme ta.”

Kowa ya san ma'anar wannan hutun. Wadda aka ce ta zauna sai an neme ta, sau da yawa takarda ce ke zuwa nemanta. Asabe kuwa 'yar gida ce, a gida za ta zauna.

Shitu ya zo bakin ƙofar ɗakinta ya tsaya, bai shiga ba.

“Kwana kaɗan ne. Mu ga ko motar za ta yi shiru.”

“In ta yi shiru fa?” in ji Luba.

Ya sosa ƙeya.

“In ba ta yi ba fa?”

Ya juya ya koma zaure. Sai aka zo kan yadda za ta tafi. Gidan ubanta yana Tudun Wada, sai ta je Kwanar Dangora ta nemi motar can. Motar mijinta ta Kwanar za ta bi ranar Litinin, amma Habu ya ce ko a kan buhuna ba zai ɗauke ta ba. Saboda haka Litinin da sassafe Luba ta ɗaure kayanta a ƙwarya, ta leƙa Asabe tana barci a bayan Inna, ta sunkuya ta fita ta kafar danga, ta kama hanya a ƙasa.

Rana ta take lokacin da ta iso Kwanar Dangora, inda hanyoyi ke haɗuwa da babbar hanyar Kano zuwa Zariya. Ta samu inuwar ɗorawa kusa da rumfar wani makaniki ta zauna, ta zare takalmi tana duba ƙafar da ta jawo mata duk wannan. Ƙafa dai kamar ta kowa, sai faso da ƙura.

Ba ta daɗe ba ta jiyo injin da ta fi kowa sani. Motar Shitu ta taho da buhuna har sama, a gidan gaba kuwa ga Inna Tasalla da sabon mayafi. Tun da an rabu da ƙaya, ta ce yau za ta je ta ga Kano da idonta.

Habu ya danna ham don mutanen kasuwa su san ya iso, ya karya hagu zai hau hanyar Kano. Ƙwas-ƙwas-ƙwas, sannan wani ƙuuu mai tsawo. Ya nemi mai da sitiyari, sitiyari ya ƙi. Motar ta ci gaba da bin hagu a hankali, kamar jakin da ya tuna gida. Ta bi ta kan tarin rake, ta watsa ƙoren wani mai sayar da ƙwarya, masu talla suna ta salati suna tsalle, kafin birki ya kama ta je ta dafa goshi a jikin suri ta tsaya.

Babu wanda ya ji ciwo. Shitu ya sauko yana duba gaban motarsa. Habu ya sauko yana duba rigarsa. Inna ta sauko mayafi a wuya, ta waiga, idonta ya faɗa kan Luba a gindin ɗorawa.

“Kun gani! Ga ta nan! Ta riga mu taka hanyar!”

Mai rumfar ya taso yana tauna goro. Lurwanu sunansa, tsohon soja ne da ya koyi gyaran mota a yaƙin Bama, wandonsa ya sha mai har ba a san launinsa na asali ba. Ya sa majiya ƙarfi suka turo motar baya zuwa fili, ya sa duwatsu a tayoyi, ya zagaya ta sau ɗaya.

“Tun yaushe take wannan ƙarar?”

“Sama da wata,” in ji Shitu.

“Sama da wata, kuna wucewa ta gabana kuna danna mini ham? To, yaushe take yi?”

“Kullum,” in ji Habu.

“In ta ga dama,” in ji Shitu.

“In waccan ta taka wuri,” in ji Inna, tana nuna Luba da haɓa.

“Iya, ni ƙarfe na sani, ƙarfe kuwa ba ya ganin dama. A kwana take yi ko a rami? Da kaya ko babu kaya? Direba, kai nake tambaya.”

Habu ya dubi agogonsa.

“Hagu kawai.”

Muryar ta fito ƙasa-ƙasa, har sai da Lurwanu ya waiga yana neman mai ita. Luba ta ja gyale ta rufe rabin fuska, amma ta ƙarasa.

“Dama ba ta yi. Rami ma ba ta yi. In da kaya ta fi ƙarfi. Da ɗaya take yi, ta koma biyu, shekaranjiya ta koma uku.”

“Baiwar Allah, a wane gareji kika yi aiki?”

Mutane suka yi dariya. Shitu ya ce, “Iyalina ce,” yana kallon ƙasa.

“To, ka riƙe ta da kyau, ta fi direbanka kunne.”

Lurwanu ya bi notunan tayar gaba da sifana ɗaya bayan ɗaya, duk a ɗaure suke. Ya sa jak ya ɗaga gaban motar, ya kama tayar sama da ƙasa ya girgiza, ba ta yi wasa ba.

“Da ƙusar da taya ke juyawa a kai ce ta ci, da ta yi mini rawa yanzu. Da sifirin ne, ƙarfen nan mai ɗaukar nauyin mota, ya karye, da a rami za ta fi kuka. Hagu kawai, kuma da kaya ta fi...” Ya tofar da goro. “Wani abu ake matsewa a can ƙasa. In an loda ta, ta zauna, wurin ya ƙara ƙunci.”

Ya shimfiɗa buhu ya kwanta ya shige. Ƙafafunsa kawai ake gani. Aka ji shiru, aka ji “Ikon Allah,” aka ji bugun guduma sau uku. Hannunsa ya fito riƙe da wani abu, ya ajiye a ƙasa: ƙahon rago, an toshe bakinsa da jar fata, gefensa ya dagargaje.

“Wannan ne ya shiga tsakanin sandar sitiyari da sifirin ya cije. Akwai ƙannensa biyu. Direba, hau ka juya hagu.”

Habu ya juya. Ƙwas-ƙwas.

Wuƙa ta yi aiki, ƙahon bunsuru ya fito. “Sake.”

Ƙwas.

Na ƙarshe ɗan ƙarami ne, ƙahon gada. “Sake.”

Shiru, sai wani ɗan ƙiii na busasshen ƙarfe.

Lurwanu ya fito yana kaɗe baya. Ya nuna wa Shitu yadda abin yake: an ɗaure ƙahonin da tsirkiyar fata a jikin sandar da ke tura taya. In an karya hagu sandar ta ja baya, ta matse ƙaho a jikin sifirin har ya suɓuce, shi ne ƙwas ɗin. In an karya dama sandar gaba take yi, babu abin da ta taɓa. Fatar kuma an naɗe ta daidai kan bakin da ake ɗura giris, gaɓar ta bushe ƙamas.

“Da a kan gangare ya cije muku, da yanzu ba ni ake kira ba.” Ya tattara ƙahonin zai watsa a kwata. “Wane mai ƙaunar taku ne ya yi muku wannan?”

“Kada ka zubar!” Inna ta yi wuf ta riƙe hannunsa. “Kaza biyu na bayar a kan babban nan!”

Kasuwa duka ta juyo tana kallonta. Sannan wani daga baya ya fashe da dariya, sauran suka bi.

Inna ba ta sunkuyar da kai ba. Ta ce bakin mutane ya yi yawa a kan motar, kowa tubarkalla a baki, Allah kaɗai ya san ciki. Mai maganin da ta je wurinsa ya ce a ɗaura inda rana ba ta gani, kusa da ƙafar motar, kuma in ta faɗa wa kowa ya karye. Da ƙara ta fara, ta san faɗa ake yi tsakanin ƙaho da farar ƙafa, shi ya sa ta riƙa kai masa gudummawa.

“Kuma da ba don su ba, da yau kifewa za mu yi, ba suri ba.”

“Haka ne, Iya,” in ji Lurwanu. “Surin ma ku ya tsaya jira.”

Ya goge gaɓar, ya ɗura mata giris har sabo ya turo tsoho waje, ya ƙara ɗaure notin, ya sauke jak. Sai ya juyo wajen Luba.

“Baiwar Allah, zo ki taimake ni da gwaji. Ɗora ƙafarki nan a matakala.”

Luba ta dubi Shitu. Shitu yana kallon suri. Ta matso ta ɗora ƙafar dama, da ƙurarta da fasonta. Habu ya murza sitiyari hagu har ƙarshe. Shiru.

“Ɗayar ma, kada a ce ita ce mai laifin.”

Ta ɗora ta hagu. Shiru. Daga nan Lurwanu ya sa Habu ya zaga filin kasuwa sau uku hagu, sau uku dama, da kayansa duka. Ba a ji komai ba sai inji da ihun yara.

Shitu ya zo kusa da ita yana gyara hula.

“To, shi ke nan, Allah ya kiyaye gaba. Ɗauko kayanki ki hau.”

Luba ta ɗauki ƙwaryarta ta aza a ka. Muryarta ba ta fi ɗazu ƙarfi ba.

“An ce in zauna sai an neme ni, Maigida.”

“Ai ga shi na neme ki.”

“A hanya ka tsince ni. Gidanmu yana Tudun Wada.” Ta gyara zaman ƙwaryar. “In za a zo, a zo da Asabe.”

Motar Tudun Wada tana tsaye tun ɗazu, direbanta ya kalli komai daga farko. Ya buɗe mata gidan gaba da kansa, ya ce a taka masa ko'ina, tasa motar ba ta da ƙaho.

Kwana huɗu Shitu ya yi kafin ya je biko, da Asabe a cinya da ƙwaryar goro. Mahaifin Luba ya saurare shi har ya gama, sannan ya tambaye shi a ina aka ce 'yarsa farar ƙafa gare ta. Shitu ya ce a gida. Tsohon ya ce a'a, shi ya ji har rijiya ta sani, har kasuwa. Inda aka ƙulla, can za a je a kwance.

Shitu ya yi alkawari, kuma ya cika shi gwargwadon ƙarfinsa. Ya faɗa a zaure sau ɗaya, ranar da mutum uku ne kawai ke zaune, ɗaya kuma kurma ne. Labarin ƙahoni dai ya riga shi isa gari, an yi dariyar Inna kwana biyu an bari, don tsohuwa ce, kuma kowa ya ce ai ƙauna ce ta sa. Na Luba ne ba a bari ba. Masu sayen mai sun dawo ɗaya-ɗaya, wasu sai da kaka ta zagayo, wasu har yau in ta wuce suna cewa ba a rasa ba dai. Ƙarfe ya yi kuka wata guda, da aka zo aka kwanta a ƙasa aka leƙa shi, aka shafa masa mai, aka zaga da shi fili sau shida don kowa ya shaida lafiyarsa. Matar da ta yi watan nan tana sunkuyawa ta wajen juji babu wanda ya leƙa ta, ba don gidan mugaye ba ne. Kowa a gidan yana da abin da yake karewa: ɗaya cinikinsa, ɗaya rigarsa, ɗaya ƙahonta. Ƙafar Luba ce kaɗai ba ta da mai tsaya mata, sai aka ɗora mata kayan.

Ranar da ta dawo, a bakin zaure ta sauka. Ta gitta ta gaban motar ba tare da sauri ba, Asabe tana bayanta tana taka inda ta taka. Inna tana inuwar rumbu. Ba ta ce a yi haƙuri ba. Ta ɓare goro ta miƙa wa Luba ɓari ɗaya, babban, ta ci gaba da kaɗi.

Bayan wata biyu wata kazar Inna ta kwanta a kan ƙwai har kwanaki suka wuce ba ta ƙyanƙyashe ba. Inna ta tsaya a bakin akurki tana jinjina kai. Luba ta zo wucewa da tulu. Idon Inna, da kansa, ya sauka kan dunduniyarta.

Luba ta sauke tulun, ta durƙusa kamar yadda ta saba.

“Inna,” in ji ta, “a fara leƙa ƙarƙashin kazar tukuna.”